Ado Ne Kawai

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Valparaíso.
Sanyin Yuli na shigowa ta ƙasan ƙofa,
can gindin tudu jiragen ruwa na gunji a tasha,
ni ko ina gaban kwamfuta da shayin da ya huce,
ina sheƙar hotuna kamar mai sheƙar hatsi:
wannan tsaba, wannan ƙaiƙayi.

Darasi na huɗu, kifayen gaɓar teku.
Hoto ɗari biyu da sha bakwai Malama Eduvigis ta loda,
ta kulle ofis, ta tafi jinyar mahaifiyarta.
Akwai igiyar ruwa mai lanƙwasa a kan kowane shafi,
akwai anga, akwai taurari masu ƙyalƙyali,
har da wata dorinar ruwa sanye da tabarau,
tana nuna allo da hannu na bakwai.

Da ban taɓa su ba, sai saƙon murya ya shigo.
Anselmo Quilodrán, ɗalibi, shekara sittin da uku,
ya yi talatin yana tuƙa ƙugiyar ɗaga kwantena
kafin ciwon sukari ya rufe masa ido.
Ya ce: Baiwar Allah, na'urar da ke karanta mini shafi
tun safe abu ɗaya take faɗi,
hoto, hoto, hoto sifili tara, hoto,
kamar mai ƙirga buhuna a bakin sito.
To ina kifin?

Kowane hoto na da gurbi a ƙarƙashinsa.
In yana koyar da wani abu, sai ka faɗi abin da ke ciki.
In kwalliya ce, ga ɗan akwati, ka sa masa alama:
ado ne kawai.
Na'ura ta zo ta wuce shi shiru,
yadda ake wuce mai barci.

Anga ta tafi. Taurari sun bi ta.
Dorina ma na sallame ta, da tabaranta.
Manyan hotuna na rage musu nauyi
saboda wata yarinya a tsibirin Chiloé
da ke sayen data ta kwana guda,
shafi ya tsaya mata rabi, kai babu wutsiya.

Bayanin ne ya ba ni wuya.
Na rubuta kifi, na goge.
Wanda ya ce kifi ai bai ce komai ba.
Na sake: tsawonsa kamu biyu, bayansa toka-toka,
cikinsa fari kamar sabon cokali,
leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama
kamar wanda aka ɓata wa rai.
Na cire ɓacin ran. Na mayar. Na bar shi.

Saura ɗaya, na can saman shafi:
tasha da asuba, ruwa kwance, ƙugiya tsaye.
Ba ya cikin jarrabawa, ba ya koyar da kowa komai.
A ƙa'ida, ado ne kawai.
Na sa alama, na miƙe, na wanke kofi,
na tsaya a taga ina kallon fitilun tashar.
Na dawo na cire alamar.
Na rubuta: Tashar garinmu kafin fitowar rana,
jar ƙugiya ta miƙa wuya kan wani jirgi,
babu kowa a ɗakin direba.

Da hantsi ya amsa, ina jin ƙarar cokali a bayansa.
Ya ce kifin ya gane shi tun daga leɓe,
matarsa na soya irinsa ranar Lahadi.
Sai ya yi jim.
Ya ce: In wadda ke kusa da sito ce, lamba shida ce.
A zamanina kore ce, ba ja ba,
birkinta kuma na cijewa in an yi ruwa.
Akwai tsani a gefen hagu?

Na buɗe hoton, na ƙara girmansa.
Akwai.
Na koma gurbin, na ƙara tsani.